Kan Sarkin Masunta da Rana Tac Cinye

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu, autata. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara. Allah shi kai ku Kalaba lahiya, shi raba ku da direba mai gyangyaɗi da gada mai rauni, shi sa ku iske mutanen kirki inda za ku sauka. Amin.

Ni ke magana, Maman Dauda ke rubutawa, maƙwabciyarmu ta nan Badariya da tab bar aikin koyarwa. Tac ce bakina na Kabi ne, hannunta na Filato ne, in kin ga sun gauraya cikin takarda kada ki yi muna dariya. Nic ce ta rubuta yadda nif faɗa, ko da ya karkace.

Asabar za ku tashi. In na dube ki ido da ido bakina mutuwa shikai, shi ya sa nis sa a rubuta. Za ki iske wagga takarda cikin zanen da nin naɗe miki firam ɗin kan sarkin babanki. Guda bakwai sunka rage cikin kusan arba'in da yal liƙo mini daga Legas, sauran ni nik kashe su da hannuna, ba da mugunta ba. Ina tsoron waɗanga bakwai su bi su. Kuma akwai takarda guda tashi da ban taɓa bari an karanta mini ba. Ina zuwa kanta, ki bar ni in bi a hankali, don gabana hwaɗuwa shikai.

Ke kin yi boko, ba ki san abin da kan sarki yaz zame mini ba. Lokacin muna Argungu, babanki shina can Legas shina gadi a tashar jirgin ruwa. In takarda taz zo, sai in kai wa akawun da ke zama bakin gidan waya shi karanta, da ƙarhi, duk mai wucewa shina ji. Ni ko sai in kahe idona ga ɗan hoton da ke bisa ambulan, in haɗa maganar da hoton. Mai shanu, ita ce wadda yac ce ya ji an haihe ki, a sa miki sunan innatai. Mai doguwar gada, ita ce wadda yab ba ni labarin ruwan da ba a ganin ƙarshenshi. Mai matar da ke ginin tukunya, ya yi zazzaɓi ya warke. Takardun kansu gara tac cinye su cikin akwati shekarar da ruwa yash shigo muna ɗaki. To kin ga, karatuna ke nan duka. In hoto ya goge, magana ta goge.

Kuskurena na hwarko ƙullu ne. Na ga akawu shina lasar bayansu shi liƙa, nic ce ni ma na iya. Nid dama ƙullun gero, nis shahwa musu, nij jera su ga bangon ɗaki. Sun yi kyau ƙwarai, mata suna shigowa kallo. Ashe tuwo nid dama wa kyankyasai. Kahin wata uku sun cinye ƙullun, sun haɗa da haƙoran nan na gehe, wani ma sun huda shi tsakiya. Daga baya nik koma salatif. Shi ko in ya kwana biyu sai shi yi ja-ja, shi tsiyayo da wani mai cikin takarda, tabon ba shi hita har abada. Don haka kada ki sa musu komi mai danƙo, ko wa yac ce miki na bature ne. Malam Garba mai gilashi na bakin tsohuwar kasuwa, wanda yay yi wanga firam, ya sa kowane cikin ɗan aljihun leda mai haske, ita ce anka liƙa ga baƙin kwali, shi kan sarkin zaune kawai shike ciki. In guda ya zame, ki ɗauke shi da matsefata, wadda muke cire ƙaya, ki goge ta tukuna. Yatsa akwai mai, ko kin wanke.

Nit tambaye shi mi ya sa anka yi musu haƙora tun hwarko. Yac ce da yawa ake buga su ga takarda guda, a huda tsakani don a yage ba almakashi. Shekara arba'in ina tsammanin ado ne. Na ji daɗin sanin wanga.

Kuskure na biyu shi ne babba, rana. Bangon da niz zaɓa shi ke kallon ƙohwa, ƙohwa tana kallon gabas. Da gangan niy yi haka, don in hantsi ya shigo su haska, in gan su daga bisa gado. Kullum rana tana zama kansu tun hitowarta har ta ɗaga. Ban lura ba, don abin da kike gani kullum ba ki ganin tahiyarshi. Sai ranar da ƙanwar babanki taz zo daga Zauro tad dube su tac ce, wai ba jajayen shanu ba ne da? Nid duba, shanu sun koma kamar an wanke su da toka.

Abin da ke ɗaure mini kai har yau, ba tare launi ke tahiya ba. Ja ke hwara gudu, ɗorawa ta bi shi, tsanwa ta koma shuɗi-shuɗi, shi ko shuɗi sai shi tsaya shi kaɗai kamar baƙon da ya ƙi tashi. Bara sai da nig gwada da kaina. Niy yaga ƙyallen atamhwa biyu, guda niɗ ɗaure ga taga, guda nit tura ƙarƙashin katihwa. Bayan wata guda nih haɗa su, kamar ba uwarsu ɗaya ba, kuma ja ne yat tahi. Nik kai wa Malam Garba su, nic ce shi gaya mini mi rana ke nema ga ja. Yay yi dariya yac ce ba zahi ba ne, wani abu ne cikin hasken da ido bai gani, shi ke cin launi. Nic ce abin da ido bai gani kuma shina cin kayan mutane, mu sunan da munka san shi da shi daban ne. Yac ce a'a Inna, wanga ba a yi mishi tohi, gilashi ake yi mishi. Wai akwai gilashin da ke tare shi, ba a samu nan Birnin Kabi, sai manyan garuruwa. Ki tambaya can, in akwai ki canza wanda ke jiki. Amma yac ce ko da shi, kada a ba rana amana.

To ki saurara. In kun sauka gidan, kada ki kahwa ƙusa ranar nan. Ki yini guda kina kallon inda rana ke taɓawa, da hantsi, da azahar, da la'asar. Bangon da ba ta taɓa ba ko sau guda, shi ne nasu. Kada ya zama kusa da ƙwan lantarki, shi ma wai shina ci, a hankali dai. Kada ya zama bangon madahi, hayaƙi da turiri. Na san halinki, za ki so falo inda baƙi za su ce kai, mi ne ne wanga. Ni ma son a gani ne yak kai ni. Malam Garba yac ce masu wayo hoto suke ɗaukar abin su rataye hoton, ainihin su ɓoye shi cikin duhu. Na ga kina ɗaukar komi da wayarki har tuwo, ki ɗauke su tun suna da sauran launi.

Na ukku, lokacin da za mu taso daga Argungu mu dawo hannun yayanki nan Birni. Mota na jira, nis sa farce nib bi su ina ɓamɓarowa a bushe. Takwas sunka rabe biyu, huska ga hannuna, baya ga bango. Waɗanda sunka hito da laka jiki, nic ce bari in wanke. Nis sa ruwan ɗumi da garin sabulu kamar kallabi. Ina kallo launin guda huɗu yat tashi bisa ruwa. Ashe ruwan sanyi ake sawa, na randa, ba sabulu, a bar shi shi saki da kanshi, a kihe shi bisa takarda mai tsabta, a aza mishi abu mai nauyi. Wani ma ba shi son ruwa sam. Ba ni da wanda zan tambaya sannan, ko in ce ina da su, kunya nij ji a ce tsohuwa na wasa da 'yan takardu. Ke ki tambaya. Ko abin ya yi kama da shirme, ki tambaya.

Maman Dauda tac ce kada in manta leda. Ita ma ta yi wa takardar aurenta. Kin tuna shekarun da kowa ke kai katinai da takardun makaranta a narka musu leda a shago? Nic ce to ga maganin kyankyaso da ruwa ya zo. Nik kai shida mahiya kyau. Injin yah haɗiye su yat toho su da zahi, suna ƙyalli, ina murna har gida. Bayan shekara biyu sunka yi kumhwa ciki, sunka dushe, kuma ba hanyar hiddo su, leda ta zama naman jikinsu. Malam Garba yaj juya su yac ce waɗanga sai addu'a. Kada ki bari kowa shi kai su ga inji mai zahi, ko maigidanki ne da kyakkyawar niyya.

Ki duba gehen firam ɗin, za ki ga ɗan siririn kwali tsakanin gilashi da su. Kada ki cire shi ki ce bai yi kyau ba. Firam na hwarko da nis saya na hoton aure ne, gilashi kwance bisa huskarsu, damina guda tay yi, biyu sunka manne da shi. An ce mini can inda za ku ruwa ba shi ɗaukewa, har takalmi shina hurhura cikin ɗaki. Gaskiya ne? In kin je ki gaya mini, ina son in san yadda suke shanya hatsi. In haka ne, ke danshi ne abokin gabarki ba rana kaɗai ba. Kada ki rataye ga bangon da ruwa ke duka ta waje. Ki sa ɗan abu bayan firam ɗin don iska shi ratsa. Duk wata ki sauke ki sansana bayanshi.

Yanzu na zo ga wanda nike kewayewa.

Cikin bakwai ɗin akwai wanda ya hi duka dushewa, don shi nis sa tsakiya inda rana ta hi zama. Da ido ba ki ganin komi sai hazo-hazo na shuɗi. Malam Garba ya aza mishi madubin nan mai ƙara girma yac ce in leƙa. Balkisu, mutane ne cikin ruwa da homa da goruna. Masuntanmu ne. Na san da haka tun da, amma ban taɓa ganin hannun mutum ɗaga da homa ba sai rannan. Nit tsaya ina leƙe har yac ce wuyana zai yi ciwo. Sannan yad dubi lambar da ke gehe, yac ce abin mamaki, wanga ya hi ƙarhin takardar cikin ƙasa nesa, wanda yal liƙa shi ko bai sani ba, ko da gangan yay yi. Nic ce ban sani ba. Nid dawo gida.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Zuwan babanki na ƙarshe, kina goye, yac ce in shirya mu tahi Legas tare, ya gaji da zama shi kaɗai. Nik ƙiya. Ba don komi ba sai tsoro. An ce akwai gadar da mota ke hawa ruwa na ƙasa ba iyaka, ni ko iyakata Birni. Kwana ukku shina lallashi, ina cewa a'a. Ranar tahiya yat tsaya bakin ƙohwa, bai dube ni ba, yac ce, "To. Za ki ji ni a takarda."

Kin san abin da mace ke ji in anka ce mata haka.

Bai yi wata biyu ba direban motar albasa yaz zo da labarin rasuwatai. Ina cikin takaba, kwana tara, sai ga takarda, da masunta bisa ambulan. Ya aiko ta kahin ciwon shi kada shi. Nir riƙe ta. In na kai wa akawu, zai karanta da ƙarhi, gaban 'yan'uwan babanki da ke zaman makoki, a ji ashe sakakka ce ke takaba. Nis sa reza niy yanke kan sarkin, takardar nin naɗe ta cikin gwangwanin shayi nit tura ƙasan kwalla. Shi ya sa ita kaɗai gara ba ta samu ba. Daga baya na ji wurin wa'azi cewa ko da sakin ne, tunda idda ba ta cika ba, ba abin da zai canza. Amma ni ba hukunci nike tsoro ba. Maganatai ta ƙarshe nike tsoro. Ke kanki da kinka iya karatu, sau nawa niɗ ɗauko gwangwanin nim mai da.

Niyyata in sa Malam Garba shi ɓoye ta bayan firam, ki karanta can nesa, in mugunya ce ki yi shiru, ni ko in gane daga shirunki. Da nif faɗi haka Maman Dauda ta aje biro. Tac ce ita ba ta rubuta wanga, wai zan ɗora wa yarinya kayan da nik kasa ɗauka shekara arba'in, ta hau mota da shi. Nic ce ba ruwanta, biro kawai anka are ta. Tac ce biron nata ne. Munka zauna, tana kaɗa ƙahwa, har anka kira la'asar. Niy yi salla. Nid dawo da gwangwanin.

Abin da yaf fara ba ni mamaki, da tab buɗe, tawadar baƙa wuluk kamar jiya anka rubuta. Duhu ya riƙe ta. Nic ce ta karanta a hankali, in na ɗaga hannu ta tsaya. Ban ɗaga ba. Na ce ta kwahe miki ita nan yadda take:

"Zuwa ga uwar Balkisu. Tun Kwantagora nih huce. Ba sai kin zo ba, ni zan dawo. Na gaya musu in lokacin bikin kamun kihi ya matso zan aje aiki, gonar Zauro ta ishe mu. Gidan waya ukku nib bi kahin in samu mai wanga hoto, don na san shi kike karantawa. In kin ga masunta ki san gida nike nuhi. Kada ki kai wa akawu wagga, kunya nike ji. Ki nemi mace ta karanta miki."

Maman Dauda ta cire tabarau tana gogewa, tac ce, "To, ai kin bi umurni. Kin dai daɗe wajen neman macen."

Niy yi dariya, niy yi kuka, ban san wanda yar riga ba. Ya rubuta mini da yaren da nike ji, bisa ambulan, a hili. Ni ko nil liƙa shi ga bango ina kallo kullum, tsoro bai bar ni na karanta ba, har rana tac cinye shi a gabana.

Don haka za ki ga aljihu guda ba komi cikin firam ɗin, na tsakiya. Ba ɓacewa yay yi ba. Yanzun nan na sa Maman Dauda ta hiddo mini shi, na mai da shi cikin gwangwani wurin takardatai, can ne wurinshi. Shida na hannunki. Kada ki cike gurbin da komi. In yara sun tambaya ki gaya musu, kada ki rage.

Abin da nike roƙo gare ki guda ne. Na san za ki riƙa kirana ta waya, na gode, amma magana ta waya ba ta da inda ake aje ta. Malam Garba yac ce har yanzu gidan waya na sai da kan sarki, ko da ba kowa ke shiga ba. In kun natsu ki je ki rubuto mini. Kada ki karɓi wanda anka miƙo miki kawai, ki ce a baje miki su ki zaɓi hoton da kanki. Ina son in ga ko zan gane nuhinki kahin a buɗe. Kuma ranar da taz zo ranar za a karanta ta, Maman Dauda tac ce ko tana bisa turmi za ta sauko.

Ki naɗe firam ɗin tsakiyar tuhwahi, kada a aza mishi buhu. In kun zo babbar gadar nan, ki leƙa ta taga ki duba mini ruwan da kyau, ki gaya mini launinshi.

Allah shi tsare gabanku da bayanku, shi sauke ku da rana tsaka cikin lahiya, shi ba ki ɗaki mai inuwa da maƙwabciya mai gaskiya irin tawa. Allah shi jiƙan babanki, shi yahe mini zaton da niy yi mishi. Amin.

Ni ce innarki,
da hannun Maman Dauda, ita ma tana gaishe ki.